Sunan Dillali a Cikin Ƙunshi

A cikin watan Janairu na shekarar 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani Baturen Birtaniya mai suna Kyaftin Clapperton, wanda ya yi tafiyarsa a ƙasashen nan da sunan Abdullahi, ya sauka birnin Kano daga Barno, ya shiga kasuwar Kurmi wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15, ya dudduba rumfunanta da idon baƙo wanda kome ƙanƙantar abu ba ya wuce shi. A cikin abubuwan da ya rubuta akwai guda wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya shafi wata mas'ala da mutanen zamaninmu suke zaton tare da wayar hannu aka haife ta. Ya ce idan mutum ya sayi riga ko turkudi a Kano, ya ɗauke shi a ƙunshe bai kwance ba har Barno ko wata ƙasa mai nisa, sa'an nan ya buɗe a can ya tarar kayan bai kai yadda aka faɗa masa ba, to, ba wata jayayya, sai a komo da shi Kano, gama sunan dillalin da aka yi cinikin a hannunsa yana rubuce cikin kowane ƙunshi. Wajibi ne a kan dillalin ya nemo mai kayan, shi kuma mai kayan, bisa dokar Kano, ya mayar da kuɗin nan take.

Kada mai karatu ya ɗauka Kanawan wancan zamani waliyyai ne. Shi wannan Bature ya ba da labarin mahautan kasuwar, yadda suke hura nama ya kumbura, su tsattsaga shi don kitse ya bayyana, har wani lokaci su manna ɗan gashin tunkiya a cinyar akuya don wanda bai sani ba ya saya da sunan naman rago. Abin da ya sa aka tsananta a kan tufa shi ne yanayin sana'ar kanta. Turkudi, wanda garin Kura da ƙauyukan kudancin Kano suka shahara da shi, sai an saƙa shi sirara-sirara an ɗinke, an tsoma shi a karofi sau da yawa har ya yi baƙi ƙirin, sa'an nan mabuga su zuba masa shuni su yi ta bugu a kan gungume har ya riƙa walƙiya, kana a ninke shi a naɗe cikin takarda. Wanda ya kwance naɗin don ya duba ya rage masa ƙyalli, ya kuma rage masa daraja. Saboda haka Buzun Azbin da Babarbare da Balaraben Gadamas duk a rufe suke saye. Dokta Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa daga birnin a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla, kuma ciniki mai wannan girma, wanda mai saye ba ya ganin abin da ya saya sai ya isa gida, ba zai ɗore ba in ba a san wanda za a riƙe ba ranar da aka tarar da aibi.

Asalin hukuncin yana cikin littattafan fiƙihun Malikiyya waɗanda almajiran ilmi suke biyawa a zauruka tun kafin jihadi. Imamu Malik ya buɗe babi a cikin Muwaɗɗa a kan sayen dilar kaya bisa takardar da aka rubuta bayanin abin da ke ciki, wadda ake kira barnamaj, ya halatta shi, ya ce ciniki ya lizimci mai saye matuƙar kayan sun dace da abin da aka rubuta, watau in sun saɓa ba abin da ya lizimce shi. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya kawo a cikin Risala wani sharaɗi da ya kamata kowane mai ciniki ta intanet ya haddace: halal ne a sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma bai halatta mai sayarwa ya sharɗanta a ba shi kuɗi tun kafin kaya su iso ba, sai fa in wurin da kayan suke kusa ne, ko kuwa abin irin wanda ba a tsoron canjawarsa ne, kamar gida ko gona. Malamai sun bayyana illar hanin da cewa kuɗin da aka karɓa a kan abin da ba a tabbata zai iso yadda aka siffanta ba, yana kai-komo ne tsakanin zama farashi da zama rance, kuma shari'a ba ta son dukiyar mutum ta zauna hannun wani a kan irin wannan shakka. Haka nan in kayan suka halaka a hanya kafin mai saye ya karɓa, asarar mai sayarwa ce, in ba an yi sharaɗin akasin haka ba.

Shaihu Halilu a cikin Muhtasar ya ƙayyade kwanakin shawara da mai saye zai iya sharɗanta wa kansa kafin ciniki ya tabbata: kamar wata guda a kan gida, kamar kwana uku a kan tufa ko dabba, kamar mako guda a kan bawa. Ambaton bawa a wannan jeri abu ne mai ɗaci, amma tarihi ba ya gyaruwa da kau da kai. Clapperton ya ga a rumfunan bayi na Kurmi mai saye yana da kwana uku ya komo da mutumin da ya saya ko da bai faɗi dalili ba, watau tsarin da ya kiyaye haƙƙin mai saye da wannan irin kulawa shi ne ya bar ɗan Adam cikin jerin haja. Ban da zaɓin da aka sharɗanta, akwai wanda shari'a ta bayar ko ba a ambata ba, shi ne na aibi: wanda ya tarar da tsohon lahani da aka ɓoye masa, in ya so ya riƙe, in ya so ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Abin da ya fi jan hankalina a wannan babi kuwa shi ne, a mashhurin mazhaba, mai kaya ba shi da ikon ya ce ya sayar yadda abin yake, kome aka gani daga baya ba ruwansa, sa'an nan maganar ta kuɓutar da shi, sai a 'yan wurare ƙalilan da aka togace. Layin nan da ake bugawa a gindin rasit, cewa ba a mayar da kaya bayan an saya, da an kai shi gaban alƙalin da ya san Muhtasar da bai tsaya da ƙafarsa ba.

Shugabannin jihadi sun ɗauki kasuwa wurin da ake gane adalcin mulki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa cikin laifofin sarakunan Haɓe abin da mai kula da kasuwa yake karɓa daga masu ciniki, da naman da ake karɓa wurin mahauta kowace ranar kasuwa, wanda ake kira tawasa, aka kuma naɗa muhtasibi don duba mudu da hana algus. Tsarin bai kai kowace kasuwar ƙauye ba, bai kuma hana masu sarauta na baya komawa ga wasu abubuwan da Shehu ya zarga ba.

Sha'anin bashi ya fi wannan tsauri, domin fataucin da, kusan dukansa a kan bashi ya tsaya. Wuri kuɗi ne mai nauyi, keso guda zambar ashirin ne, ƙirgarsa aikin yini, ɗaukarsa aikin jaki, saboda haka babban ciniki sai da lamuni da wa'adi. Shi kansa Dokta Barth da bashin fiye da wuri zambar ɗari ya shiga Kano, ya kwanta da zazzaɓi cikin wani ɗaki mai duhu, masu bin sa suna sallama kullum.

Hukuncin da ke hannun alƙali ya kasa masu cin bashi gida uku, bai kuwa yarda a gwama su ba. Akwai mawadaci mai taurin bashi, wanda yake da abin biya yana ja. Wannan azzalumi ne da nassin hadisi, alƙali zai tsare shi sai ya biya. Akwai wanda ba a san halinsa ba, ana iya tsare shi gwargwadon bincike, sai in ya kawo mai tsaya masa. Akwai kuma matalauci wanda shaidu suka ce ba su san shi da wata dukiya ba, ta fili ko ta ɓoye, ya kuma rantse a kan haka. Wannan Alƙur'ani ya yi umurni a saurara masa har ya sami sauƙi, kuma a wurin Malikiyya mai bin bashi ba shi da ikon ya riƙa bin sa sau da ƙafa, ba a tilasta masa ƙodago don ya biya, ba a kuma sayar da ɗa a kan bashi. In bashi ya cinye dukiyar mutum har aka hukunta cewa ya karye, alƙali ne zai sayar da kayansa, a gabansa, a bar ƙofa buɗe kwana uku ko wani zai ƙara kuɗi, a gaggauta sayar da dabbobi tun da ci suke yi, a jinkirta gida da gona kamar wata biyu don kada a karyar da su. Za a sayar har littattafansa, har rigar Juma'arsa in mai tsada ce, amma a bar masa abincin da zai ci da iyalinsa da tufafin da za su suturta su. Ko a kan kayan aikin mai sana'a, kamar uwar maƙera ko masaƙa, malaman mazhaba sun yi taraddudi ko a sayar ko a bari. Horo da tsarewa da gwanjon kayan mutum duk a hannun alƙali suke, ba a hannun mai bin bashi ba.

Mas'alar da ta fi dacewa da zamaninmu ita ce ta irli, watau mutunci. Hadisi ya zo da cewa jinkirin mai hali yana halatta irlinsa da horonsa, kuma da an bar wannan magana a sake, da ta zama izinin zagi ga duk wanda ya ba da rance. Amma malamai tun na farko sun ɗaure ta: horon shi ne tsarewar da hukuma za ta yi, halatta irli kuwa iyakarsa mai haƙƙi ya ce wane ya zalunce ni, wane yana ja mini bashi, ya kai kuka inda za a share masa hawaye. Ba a ba shi damar ƙaga masa laifin da bai yi ba, ko tona abin da bai shafi bashin ba, kuma duk wannan a kan mai hali ne kaɗai. A aikace ma Bahaushe ya san mutunci jingina ce da ta fi gona ƙarfi, shi ya sa bin bashi yake da matakai. Mai bi yakan yi sammako ya yi sallama bayan sallar Asuba tun maƙwabta ba su fito ba, a gaisa, a tambayi iyali, kana ya ce, "Malam, na zo ne a kan 'yar maganar nan tamu." In abin ya ci tura a aika aboki ko dattijon sana'a, daga nan liman ko mai unguwa, alƙali shi ne ƙarshe, wanda kuwa ya zo ya yi zaman dirshan a ƙofar gida da rana tsaka yana ɗaga murya, jama'a sukan ga baƙinsa kusan yadda suke ganin na mai taurin bashin. Wannan tsakanin tsara da tsara ke nan. Talakan da yake bin basarake labarinsa dabam ne, bawan da ubangijinsa ya ci bashi kuma yakan wayi gari a gidan wani, an jinginar da shi ko an biya da shi, ba wanda ya tambaye shi.

A fataucin nesa, inda mai saye da mai sayarwa ba su haɗa gari ba balle liman, sai aka dogara ga maigida, wanda a wasu wurare ake kira fatoma. Shi ne mai saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya tsakaninsa da wanda zai ɗauki kayan bashi. Da wannan tsari aka yi fataucin goro na Gwanja, daga Kano da Katsina har Salaga, kuma ya rayu har zamanin mota da jirgin ƙasa. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a 1962 da 1963, ya tarar ana sayar wa mahautan Yarbawa shanun Arewa bashi na 'yan makonni, ba takardar da aka sa wa hannu, ba zuwa kotu. In mahauci ya gaza, maigida ne zai biya mai shanu, domin ranar da aka ji ya bar baƙonsa ya yi asara, daga ranar ba mai sake sauka gidansa, shi kuma mahaucin ba mai sake ba shi ko maraƙi. Kowa yana da abin da zai rasa, kowa kuma ya san ƙofar gidan kowa.

Zuwan Turawa bai rushe wannan nan da nan ba, ya dai shigo da wani irin bashi wanda kansa yake can inda ƙafar talaka ba ta zuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga kakar 1912 gyaɗa ta zama abin nema, haraji kuma ya koma na kuɗin Bature, ana nemansa ko rumbu da hatsi ko babu. Kamfanoni irin su Kamfanin Neja da John Holt, daga baya kuma UAC da aka kafa a 1929, sukan ba manyan attajirai da Kwarori kuɗi tun kafin kaka, su kuma su rarraba wa yaransu, yaran su shiga ƙauyuka su ba manomi a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, bisa sharaɗin ya biya da amfanin gona in an yi girbi. Wannan shi ne ba da kaka, ko falle. A zahiri ya yi kama da cinikin salam, inda ake biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya nan gaba, wanda shari'a ta halatta, shi ya sa mai bayarwa yake iya rantsuwa bai taɓa cin kuɗin ruwa ba. A baɗini kuwa, farashin da mai yunwa ya yarda da shi a watan Agusta ya fi kuɗin ruwa ciwo. Ranar awo manomi yana tsaye gaban sikelin da bai iya karantawa ba, malamin awo ya faɗi abin da ya faɗa, in ya yi ƙorafi a ce masa haka farashi ya zo daga Ikko, na Ikko kuma daga Ingila.

Dokokin Gwamnati a birane suka fi aiki, kowace kuma sai da ɓarna ta riga ta zuwa. An wajabta wa masu ba da rance da ruwa lasin da ajiye littafin da za su rubuta kowane rance, kuma a 1956 wata shari'a daga Ikko, ta Kasumu da Baba-Egbe, ta kai har majalisar ɗaukaka ƙara ta Sarauniya a Landan, inda aka yanke cewa wanda bai rubuta yadda doka ta ce ba, ba shi da ikon neman kuɗinsa a kotu, ba shi kuma da ikon riƙe kadarar da aka jinginar masa. Wanda ya san aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai tsananin hukuncin. Sa'an nan aka zo zamanin manyan motoci, inda kamfani yakan ba mutum mota ya riƙa biya wata-wata, in ya tsallake biya, ko da saura ƙiris ya gama, a aiko ƙarti su ɗauke ta a tasha, abin da ya biya kuma ya bi ruwa. Dokar da aka yi a 1965 a kan irin wannan ciniki ta ce wanda ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota ba a raba shi da ita ɗungurungum sai ta hanyar kotu.

Da kotuna suka yi nisa da tsada, sai mai bin bashi ya gano hanya mafi kusa, ita ce ofishin 'yan sanda. A rubuta ƙorafi a kira bashin zamba ko cin amana, a kamo mutum ranar Juma'a da yamma don ya kwana uku a bayan kanta, in ba a same shi ba a kamo matarsa ko ƙanensa, dangi su yi karo-karo su biya. Manyan kotunan ƙasar nan sun sha faɗa cewa 'yan sanda ba 'yan karɓar bashi ba ne, dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama mutum a kan saɓa alkawarin ciniki kawai, ta hana kama wani a madadin wani, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta maimaita duka biyun. Al'adar dai ba ta mutu ba.

Da kantunan intanet na Jumia da Konga suka buɗe a Ikko a 2012, sai suka tarar da jama'ar da ba ta yarda da cinikin biri a sama ba, dole suka karɓi tsarin sai kaya sun iso hannu a biya, wanda shi ne sharaɗin mai Risala. Amma yawancin cinikin da Hausawa suke yi ta waya ba a waɗannan manyan kantuna ake yin sa ba. A WhatsApp ne da Facebook da Instagram da TikTok, inda mace tana ɗakinta take sayar da atamfa da leshi da turaren wuta da kayan kicin ga wadda take Jos ko Yamai ko Kumasi. Alheri ne babba ga matan da kulle ko nisa ya hana su kasuwa, galibinsu kuma masu amana ne, har su ma ana cutarsu da alat na ƙarya. Sai dai tsarin ya juye: a ga hoto, a tura kuɗi cikin asusu tukuna, a ba direban tasha ƙunshi, bayan kwana biyu uwar amarya ta kwance leda gaban 'yan'uwa ta tarar atamfar da aka ɗauki hotonta tana sheƙi ta koma mai roba-roba wadda wanki ɗaya zai zubar da launinta, ta buga waya a ce mata, "Hajiya, ai hasken kyamara ne, kuma mu ba ma karɓar kaya in sun fita," gobe ta sake bugawa ta ji lambar a kashe. Alhali kuwa dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, wadda kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda bai sami damar duba kaya kafin a kawo masa ba ikon ya mayar a ba shi kuɗinsa cif in sun saɓa wa siffar da aka yi masa, ta kuma ba da wata uku na mayar da kaya masu aibi a gyara ko a musanya ko a biya. A 2022 ma Babbar Kotun Inugu ta yi hukunci da ita a kan wani kamfanin sufuri cewa ƙa'idarsa ta ba a mayar da kuɗi ta saɓa wa doka.

Masu ba da rance ta manhajar waya su ne suka kai abin maƙura. Mutum yana cikin matsuwa, kuɗin asibiti ko na makaranta, ya sauke manhaja, ta nemi hotonsa da lambar BVN da izinin shiga jerin lambobin da ke wayarsa, ya danna ya yarda bai karanta ba, cikin minti kaɗan 'yan dubbai su shigo, an riga an zaftare wani abu da sunan kuɗin hidima, wa'adi kuwa mako guda ko biyu. Ba su nemi gona ba, ba su nemi mai tsaya masa ba, gama sun riƙe abin da ya fi waɗannan. Ranar da wa'adi ya wuce, saƙo zai isa ga surukinsa da shugabansa na wurin aiki da limamin unguwarsu, ana kiransa ɓarawo, mazambaci, wanda ake nema ruwa a jallo. An sami waɗanda aka haɗa hotonsu da sanarwar rasuwa aka rarraba alhali suna raye. An tsallake matakan duka, aka fara daga inda shari'a ta hana a kai ko a kan mawadaci mai taurin bashi, mai bin bashin ya san kome game da wanda yake bi, shi kuwa wanda ake bi bai san ko a wace unguwa ofishinsu yake ba.

A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda irin waɗannan saƙonni. Ranar 11 ga Maris 2022 jami'an FCCPC suka kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Ikeja, a watan Agusta na shekarar kuma aka wajabta musu rajista. Daga 31 ga Mayu 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke kantinsa karanta lambobin waya da hotunan mutane, a watan Yuni aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Wasu sun shiryu, wasu sun sake suna sun koma tura manhajarsu ta bayan fage. A ganina nassin dokokin nan bai gaza ba. Abin da ya gaza shi ne kusanci, domin hukuma tana Abuja da manyan birane, ƙorafi da Turanci ake cika shi a intanet, matar da aka cuta a kan atamfa turmi biyu kuwa ba za ta yi wannan doguwar tafiya ba. Da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari, waɗanda har gobe suke sasanta rigimar bashi tsakanin 'ya'yansu, za su rubuta sunayen masu sarar kaya a wurinsu suna sayarwa ta waya, su tsaya musu yadda maigida yake tsaya wa baƙonsa, su kuma janye daga wanda aka kama da algus, da ɓarnar ta ragu ƙwarai.

Saura magana ɗaya ga mai karatu wanda irin wannan saƙo ya faɗo wayarsa, ana ce masa wane ya ci bashi ya sa sunansa matsayin mai tsaya masa, ya biya ko shi ma a tona shi. Lamuni ba ya hawa kan mutum sai ya ɗauka da kansa yana sane. Haka yake a fiƙihu, a dokar Gwamnati ma sai da rubutu da sa hannunsa. Kada ya biya su ko kwabo, kada kuma ya tura saƙon gaba ya taya su aikinsu. Ya adana shi tare da lambar da ta aiko da ranar da ya zo, ya kira ɗan'uwan nasa a asirce ya ji halin da yake ciki, in bashin gaskiya ne a taimaka masa ya biya abin da ya ci, saƙon kuma a kai shi gaban FCCPC ko hukumar kare bayanan jama'a, gama shi ne hujjar da za su yi aiki da ita.